Hular Zanna: Zanen da Ƙidaya Ke Haifarwa

A kasuwar Gamboru da ke Maiduguri, mai sayen hula ba ya gaggawa. Zai ɗaga ta sama, ya juya ta a rana, ya matso da ita kusa da ido, sannan ya nesanta ta. Daga nesa launi ɗaya yake gani, shuɗi mai sanyi ko ruwan ƙasa. Da ya matso sai launin ya tarwatse, ya koma ɗigo-ɗigon zare kala uku ko huɗu da ke zaune gefe da gefe. Idonsa ne ya gauraya su.

Sunan hular, Zanna Bukar, ana danganta shi da Zanna Bukar Dipcharima, ɗan siyasar Borno da ya riƙe minista a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma cibiyar sana'ar ita ce Bama, har ta kai ana cewa "hular Bama" in ana nufin mai aiki na gaske. Mai zane ne ke fara shata fasalin a kan farin ƙyalle, sannan masu ɗinki, galibi mata da 'yan mata, su bi da allura. Aikin ƙa'ida ne tsantsa: gida kaza na wannan zare, a tsallake kaza, a sauya kala, a maimaita har a zagaye kai. Hula mai kyau kan ci makonni, wata ma watanni. Kuskuren gida ɗaya kuwa yana bin layin har ƙarshe.

Irin wannan zane mai bin ƙa'ida bai tsaya ga hula ba: a shekarar 1965 wani mai suna Georg Nees ya baje zane-zanen da kwamfuta ta fitar a birnin Stuttgart na Jamus, wata mai suna Vera Molnár kuma ta kama irin wannan aiki a Faransa daga 1968. Dabararsu ita ce a ba na'ura ƙa'ida, ita ta haifi siffar. Mai ɗinkin Bama ba za ta ga baƙon abu a nan ba, sai dai ita ce ke riƙe da lissafin a ka, kuma ita ke sanin cewa zane ɗaya in aka sa masa ja da ruwan zinariya ya zama na ango, in aka sa toka-toka ya zama na dattijo mai zuwa ta'aziyya.

Da Boko Haram ta kama Bama a watan Satumba na 2014, mutanen garin suka kwararo Maiduguri, sana'ar ta biyo su. A sansanonin 'yan gudun hijira irin na Dalori, ɗinkin hula ya ciyar da gidaje da dama, tunda jarinsa allura ce da zare da ƙyalle.

Yanzu hulunan inji sun shigo da araha, zanensu daidai wa daida. Gogaggen dillali kan kifa hular ya duba cikinta, don a nan ƙullin zaren hannu ke nuna kansa, kuma a kansa ake yanke farashi.