Ƙofar da ka ɗauka a hoto, shekararta nawa?

1/ Jiya wani abokina ya saka hotonsa a gaban Ƙofar Na'isa, ya rubuta a ƙasa wai gini ne mai shekara ɗari tara. Hoton ya yi kyau, ba ƙarya. Amma simintin da ya jingina da shi, ƙaninsa da ke jami'a ya girme shi. Ku zo mu yi maganar ƙofofin Kano da Dutsen Dala, da abin da kyamarorinmu ke kamawa da wanda suke bari a baya.

2/ Mu fara da ita kanta ganuwar, wadda Kanawa suka fi kira badala. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara ta, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya sake ƙara ta a ƙarni na 17. Kenan ba gini ɗaya ba ne da aka yi rana ɗaya. Gari na girma, ana tura katanga gaba, ana huda sababbin ƙofofi.

3/ Shi ya sa ƙofofin ba sa'annin juna ba ne. Yau ana lissafa 15, amma Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo a zamanin Turawa aka buɗe su. Sunayen ma sun tona asiri.

4/ Ƙofar asali ba irin wannan mai faɗi da mota biyu ke gilmawa ba ce. Matsattsiya ce, ta jan ƙasa da azara, da ƙyauren itace ko ƙarfe da ake rufewa in dare ya yi. Wasu an shigar da su ciki ne, katanga ta rungume su dama da hagu, yadda duk mai son fasa ƙyauren sai ya tsaya a inda kibiya za ta same shi ta gefe biyu. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, shi ke riƙe da ita, shi ya san wa ya shiga, wa ya fita.

5/ Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka iso, Sarki Alu Babba kuwa yana Sakkwato. Da igwa suka fasa, suka shiga ta Ƙofar Kabuga. Lugard da ya zo daga baya ya rubuta cewa bai taɓa ganin irin wannan ganuwa a Afirka ba. Ya ƙiyasta tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi wajen ƙafa 40. Ka tsaya ka auna: ƙafa 50 ta kai bene mai hawa huɗu. Da ƙasa fa, da hannu.

6/ To ina ta tafi? Ginin ƙasa sai da yaɓe. Muddin ana tsoron hari, ana fito da jama'a su gyara abin da damina ta zaizaye. Da yaƙi ya ƙare, gyara ya tsaya. Ruwan sama ya ci rabonsa, masu ɗibar ƙasar gini suka ci nasu, sannan filaye da shaguna suka hau kan abin da ya rage. Titi kuma ya zo ya ce ƙofa ta yi masa kaɗan. Haka aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya, aka gina sabuwa. An saka ganuwar a jerin wuraren da Najeriya ke nema wa rajistar UNESCO tun 2007, amma takarda ba ta hana katanga zubewa.

7/ Ban ce kada a ɗauki sababbin ƙofofin ba. Wurin na tarihi ne, sunan na tarihi ne, ta nan kakanninmu suka bi da jakuna da raƙuma. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki siminti a lakaba masa shekarun Gijimasu. In kana son ganin ƙyauren gaske, ka shiga Gidan Makama, akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari a ajiye. Mutane da yawa da ke wuce gidan kullum ba su taɓa leƙawa ba.

8/ Yanzu mu hau Dala. Dutsen ya riga ganuwar, ya riga sarautar. An samu alamun narka ƙarfe a gindinsa tun wajen ƙarni na 7, kuma a nan labarin Barbushe da Tsumburbura ya faru, kafin zuwan Bagauda.

9/ Ga abin da ya sa na ɗaure wannan zaren. A Fabrairun 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya hau Dala ya zana garin da ya hango. Ba shi da kyamara, fensir ne da takarda. Da ya koma Turai aka gyara zanen aka buga a littafin tafiyarsa. A ciki za ka ga soraye, da bukkoki, da dabino, da sarari mai yawa. Birnin wancan lokaci bai cika ganuwarsa ba, akwai gonaki a ciki, don ko an yi wa gari ƙawanya a samu abin ci.

10/ Bayan shekara kusan 80, wajen ƙarshen 1930, wani matuƙin jirgi ɗan Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ɗauki Kano daga sama. Hotunansa na nan a intanet, kyauta. Ka ga badala ta yi zobe, ka ga kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, waɗanda yau an cike da yawa an yi gidaje.

11/ Ka lura da wani abu mai ɗan ciwo: mafi yawan tsofaffin hotunan garinmu baƙi ne suka ɗauka, kuma a ma'ajiyar Landan da Zurik suke. Abin da ya ba su daraja ba kyawunsu ba ne kawai. Sun rubuta rana, sun rubuta wuri. Mu kuwa kowa da kyamara a aljihu, amma hoto dubu ba ko ɗaya mai kwanan wata, rabin ƙofar ma kanmu ya tare ta.

12/ Don haka in za ka fita, ga abin da na koya da kaina. Ƙofofin gabas irin su Mata da Wambai da safe rana ke haska fuskarsu ta waje. Kabuga tana yamma, sai bayan la'asar. Tsakar rana kuwa kada ka wahalar da kanka, hasken na kashe jan ƙasar ya mai da shi fari fat. Ka ja da baya ka haɗa ƙofar da abin da ke gefenta: guntun badala, shagon da ya ci rabinta, bolar da aka tara. Wannan ɓangaren da muke yankewa don hoto ya yi kyau, shi ne mai binciken gobe zai nema.

13/ Dala kuma a guji lokacin hazo in gari ake son hange. Washegarin ruwan sama ya fi. Daga sama ka nemo hasumiyoyin Babban Masallaci kusa da Gidan Rumfa, ka juya yamma ga Gwauron Dutse da tankin ruwansa. Ka buɗe zanen Barth a waya, ka gwada tsayawa inda kake zaton ya tsaya. Na gwada sau biyu, dabinon nasa dai ban gan su ba, rufin kwano ne iya ganinka.

14/ Abu ɗaya: gindin Dala unguwa ce, daga sama tsakar gidajen mutane kake gani. Kada ka zuƙo kyamara cikin gidan wani. A ƙofa ma, ka yi wa dattawan da ke zaune sallama kafin ka ɗaga waya. Sau da yawa su za su nuna maka inda tsohuwar ƙofar take a da, wanda ba lallai ya zama daidai inda sabuwar ta tsaya ba.

15/ Wanda ke da tsohon hoton wata ƙofa a kundin gidansu, ko na ɗaurin aure ne ƙofar ta fito a baya, ya ajiye mana a ƙasa da shekarar da aka ɗauka. Na Ƙofar Na'isa kafin 2010 nake nema musamman. Mutanen Katsina da Zariya da Damagaram, ku ma ku kawo naku.