Babbar manhajar kwamfuta: darasin da ɗalibin arewacin Zamfara ke haddacewa kafin ya taɓa na'ura

Babbar manhaja ita ce tsarin umarnin da ke tashi idan an kunna kwamfuta ko wayar zamani, kuma ita ke riƙe da ragamar na'urar har a kashe ta. Littattafan makaranta na Turanci suna taƙaita sunanta da haruffa biyu, OS. Windows da Android da Linux da iOS duk misalanta ne. Da yake da kalmar manhaja ake kiran tsarin karatun makaranta kuma, a nan za a riƙa ce wa wancan manhajar karatu domin kada a rikice.

Darasin yana cikin manhajar karatun da hukumar NERDC ta tsara wa sakandare, kuma WAEC da NECO suna tambaya a kansa a takardun ilimin kwamfuta. Ana so ɗalibi ya faɗi ma'anarta, ya jero ayyukanta, ya kawo misalai, ya bambanta wadda ake sarrafawa ta hanyar rubuta umarni da wadda ake sarrafawa ta hanyar danna hotuna. A ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, waɗanda tare da Birnin Magaji suka haɗa mazaɓar sanatan Zamfara ta Arewa, makarantun gwamnati da dama a kan allo da alli suke gabatar da wannan darasi. Yaro zai iya cin makinsa cikakke alhali bai taɓa buɗe fayil da hannunsa ba.

Aikin da take yi

Wanda ya san kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ya riga ya san rabin bayanin. Kasuwa tana da fili da rumfuna da sito da masu kaya iri-iri, amma sai da sarkin kasuwa ake sanin rumfar wane ce wannan, kuma ina sabon zuwa zai shimfiɗa hajarsa. Ƙarafan kwamfuta su ne filin da rumfunan. Ƙananan manhajoji irin su WhatsApp da Word da Chrome su ne masu kaya. Babbar manhaja ce sarkin kasuwar.

Aikinta mafi muhimmanci shi ne rabon lokaci. Masarrafa, wato ƙwaƙwalwar da ke lissafi a cikin na'ura, tana aiki ne bi da bi, sai dai da saurin da ido ba ya kamawa. Mutum yana sauraren karatu a waya, saƙo yana shigowa, hoto yana sauka, ya ɗauka duk a lokaci guda ake yi. A zahiri babbar manhaja ce ke ba kowanne ɗan taƙin lokacinsa sannan ta karɓe ta miƙa wa na gaba, kamar yadda ake bin layin lodi a tasha. 

Sai rabon wuri. Na'ura tana da ma'adana iri biyu: ta wucin gadi da ake kira RAM, wadda ke share komai da zarar wuta ta ɗauke, da ta dindindin inda fayiloli ke kwana. Ta farko tebur ce da ɗan kasuwa ke baje kayan da yake sayarwa yanzu, ta biyu kuma sito. Wannan ne dalilin da ma'aikacin da bai adana takardar da yake bugawa ba yake rasa ta idan aka ɗauke wuta, kuma darasi ne da ya fi kowanne amfani a yankin da lantarki ba shi da tabbas.

Ita ce kuma ke jera fayiloli a cikin jakunkuna, ta fassara tsakanin kwamfuta da na'urar buga takarda ko filash, ta tambayi kalmar sirri, ta hana wata manhaja leƙa hotunan mutum ba da izini ba.

Asalinta a taƙaice

An fara Unix a 1969 a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie. MS-DOS ta kamfanin Microsoft ta fito a 1981, baƙin allo ce da sai an rubuta mata umarni, Windows kuma ta biyo baya a 1985. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a Finland, Linus Torvalds, ya saki Linux kyauta, kowa na da damar dubawa da gyarawa. A kan zuciyar Linux aka gina Android, wadda wayarta ta farko ta shiga kasuwa a 2008. Wayoyin Tecno da Infinix da itel masu shafawa, da suka cika shagunan Ƙaura da Gusau, duk Android ce a cikinsu, haka ma da yawa daga na'urorin POS da ake cirar kuɗi da su a bakin hanya. Ke nan ɗalibin da ake tambaya misalin Linux a jarabawa yana kwana da jikarta a gida ba tare da an taɓa gaya masa ba.

Me ya sa lamarin ya zama na gaggawa

Hukumar JAMB ta fara jarabawar shiga manyan makarantu da kwamfuta a 2013, ta kuma daina ta takarda baki ɗaya a 2015. Daga baya ta sauƙaƙa tsarin yadda za a iya amsawa da maɓallai takwas ba tare da linzami ba: A, B, C da D domin zaɓen amsa, sauran domin gaba da baya da miƙa aiki. Sauƙin ya taimaka, amma bai kawar da fargaba ba. Yaron da ranar jarabawa ce ranarsa ta farko a gaban kwamfuta yakan ɓata mintuna yana tsoron kada ya danna abin da zai goge masa amsa, agogo kuma ba ya jira. WAEC ta bi sahu a farkon 2024 da masu zana jarabawa a ƙashin kansu, sannan a 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da cewa WAEC da NECO za su koma kwamfuta daga 2026, sanarwar da ta jawo muhawara har a Majalisar Wakilai saboda halin da makarantun karkara ke ciki.

Arewacin Zamfara yana cikin wuraren da wannan muhawara ta fi shafa. A watan Satumban 2021, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantun jihar, sai a farkon 2022 aka fara buɗe wasu. A cikin watan na Satumba hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a duk faɗin jihar. Gusau aka fara maido wa, sauran yankuna suka ƙara jiran makonni. A Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Ga kuma wuta, wadda kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ke kawowa jihar, kuma ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da dama ba su dogara da ita ba.

Abin lura shi ne, darasin babbar manhaja ba ya bukatar intanet ko kaɗan. Kunnawa da kashewa bisa ƙa'ida, ƙirƙirar jaka, sauya sunan fayil, kwafe shi zuwa filash, dawo da abin da aka goge, rufe manhajar da ta sandare: kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya da aka caza da sola ta isa a nuna wa aji duka, a kuma sa kowane yaro ya maimaita da hannunsa. Inda babu ko ɗaya, wayar malami tana iya ɗaukar rabin darasin. Shiga saituna a duba sigar Android, a ga nawa ya rage a ma'adana, a ga wace manhaja aka ba izinin kyamara, duk wannan darasin babbar manhaja ne tsantsa. Sai dai waya ba ta koyar da kibod da linzami, su kuma ake tararwa a ɗakin jarabawa da ofis.

Wace za a ɗora wa kwamfutocin makaranta

Tambayar tsohuwa ce a Najeriya. A 2007 an gwada ƙananan kwamfutocin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro a firamaren Galadima da ke Abuja, kuma Linux ce a cikinsu. A shekarar ce kamfanin Mandriva na Faransa ya samu cinikin ɗora Linux a kan kwamfutocin ɗalibai 17,000 na Najeriya, sai shugabansa ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana ƙorafin cewa ana shirin maye gurbinta da Windows. Kamfanonin sun san abin da suke takara a kai: wadda yaro ya fara sabawa da ita, ita zai nema idan ya girma.

Yau tambayar ta dawo ta wata ƙofa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar ba ta daina aiki, amma gyaran tsaro na kyauta da aka saba samu ya tsaya, kuma Windows 11 tana da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutocin gwanjo da yawa ba su cika ba, ciki har da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Irin waɗannan kwamfutoci ne makarantu da shagunan buga takardu suka fi mallaka. Nau'o'in Linux marasa nauyi kamar Lubuntu da Linux Mint suna tafiya a kansu lafiya, ba a biyan lasisi, ana ma iya tayar da su daga filash ba tare da an goge abin da ke ciki ba, kuma ƙwayoyin cutar da filash ke yawo da su daga shago zuwa shago galibi Windows suke kamawa. A ɗaya ɓangaren, sakatariyoyin ƙananan hukumomi da bankuna da ma'aikatu Windows suke amfani da ita. Mafi dacewa shi ne ɗalibi ya ga duka biyun, ko da a kan na'ura ɗaya, domin da zarar ya ga jaka da fayil da kwandon shara a wurare biyu zai gane cewa suna da launi ne suka bambanta.

Batun malamai ba ya rasa mafita a kusa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana garin da layin dogo ya tsaya tun 1929. Horar da malaman sakandare na 'yan kwanaki a lokacin hutu bai kai tsadar gina ɗakin kwamfuta ba, ɗakin da sau da yawa ake kullewa domin babu mai iya gyara idan ɗaya ta ƙi tashi.

Akwai kuma abin da manhajar karatu ba ta ambata ba. Windows tana da tsarin kibod na Hausa, Android ma haka ta hanyar Gboard, kuma a cikin saitunan babbar manhaja ake kunna su. Malamin da ya nuna wannan zai ba ɗalibi damar rubuta Ƙaura da ƙ, ɗalibi da ɗ, ɓera da ɓ, ya bambanta baƙi da baki a takardar da ya buga da kansa.