Gwauro da Bazawara a Ƙofar Gidan Haya

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, aka kuma ba ta mazauni a ƙasar Kalgo, ɗalibai da ma'aikata masu neman gidan haya suka ƙaru a kan malaman makaranta da masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa garuruwa irin su Kambaza ta Gwandu, har mas'alar da ba ta dami magabata ba ta zama abin jayayya, wato ko ya halatta mai gida ya hana mutum haya don kawai ba shi da aure.

Wanda ya nemi mafaka a dokar ƙasa zai tarar da ita gajeriya, domin kuwa sashe na 42 na tsarin mulkin 1999, wanda ya haramta wariya saboda ƙabila ko asali ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa, bai ambaci aure ba, kuma hukuma ya fi ɗaurewa, ba mai gida ba. Fiƙihu ya fi bayani: malaman Malikiyya, da suka shimfiɗa sharuɗɗan ijara, hankali da rushudi da yardar juna da sanin lada da ƙayyade muddar zama suka nema, ba shaidar ɗaurin aure ba; in ban da budurwar da ke ƙarƙashin waliccin ubanta, wadda ke da hukunci dabam, gwauro da bazawara cikakkun masu ƙulla yarjejeniya ne.

Hujjar masu gidaje ita ce toshe kafar ɓarna, kuma ba za a raina ta ba inda ɗakin yake cikin gida, tsakanin matan kulle. Ai don haka kakanninmu suka gina wa samari shago kusa da zaure, ƙofarsa na duban waje. Amma gidan da aka gina musamman don haya, babu iyalin mai shi a ciki, hana shi ga marar aure su'uz zanni ne da aka yi wa rigar taƙawa, alhali mai unguwa da shaidu biyu da sharaɗi rubutacce sun isa su tsare mutuncin maƙwabta. Kuma nauyin ya fi faɗa wa bazawara, wadda dillali kan tambaye ta ina mijinta tun bai faɗa mata kuɗin ɗakin ba.