Sharuɗɗan Biyan Kuɗi na YouTube da Ƙananan Masu Shirya Bidiyo

A watan Janairun 2018, YouTube ya tsaurara sharuɗɗan raba kuɗin talla. Kafin nan, tashar da aka kalli bidiyonta sau 10,000 ta cancanta. Daga nan sai mai mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin watanni 12. Kamfanin ya ce kashi 99 cikin ɗari na waɗanda matakin ya shafa ba su samu dala 100 ba a shekarar da ta gabata.

Sharaɗin sa'o'i shi ne ya fi takura ƙananan masu shiri. Matashin da ke ɗaukar barkwanci na minti biyu da wayarsa a unguwar Ɗan Iya da ke Bauchi na buƙatar a kalle shi daga farko har ƙarshe sau 120,000, alhali shiri mai dogon zango irin Labarina kan tara sa'o'in ba da wahala ba. Hanyar gajerun bidiyo ta Shorts kuwa sai da kallo miliyan 10 cikin kwanaki 90.

Ko bayan cika sharuɗɗan, ba a biya sai kuɗin sun kai dala 100. Tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ma ya fi na Amurka araha ƙwarai.

Daga 15 ga Yulin 2025, kamfanin ya ƙara fayyace cewa bidiyon da ake maimaitawa barkatai ba ya cikin waɗanda ake biya.