Neman gurbi da wuri a jami'o'in Amurka: Zaɓi ga mai son haɗa injiniyanci da kasuwanci

Yawancin manyan jami'o'in Amurka suna karɓar takardun neman gurbin digirin farko a zagaye biyu. Na farko yakan rufe ranar 1 ga Nuwamba, sakamako ya fito a tsakiyar Disamba, na biyu kuma ya rufe a farkon Janairu. Ɗalibin da ke son haɗa injiniyanci da kasuwanci, wajibi ne ya san sharaɗin da ke tattare da zagayen farko kafin ya zaɓi jami'a.

Nau'o'in neman gurbi da wuri

A tsarin da ake kira Early Decision, ɗalibi da mahaifinsa ko mariƙinsa da jami'in makarantarsa suna sa hannu a kan alƙawarin cewa in aka ɗauke shi zai je, zai kuma janye takardunsa daga sauran jami'o'i. Jami'a ɗaya tak ake nema ta wannan hanya. Tsarin Early Action kuwa ba ya ɗaure kowa. Ɗalibi yana da damar yin nazari har 1 ga Mayu. Akwai na uku, irin na Jami'ar Stanford, wanda ba ya tilasta zuwa, amma yana hana neman wasu jami'o'i masu zaman kansu da wuri.

Jami'o'in da suka yi fice

Jami'ar Pennsylvania tana da shirin Jerome Fisher, wanda aka kafa a 1977. Mai kammala shi yana samun digiri biyu, ɗaya daga makarantar kasuwanci ta Wharton, ɗaya daga tsangayar injiniyanci. Ɗalibai kaɗan ake ɗauka kowace shekara, kuma neman da wuri a can na alƙawari ne.

Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fara irin wannan shiri, mai suna M.E.T., a 2017, tare da makarantar kasuwanci ta Haas. Ita ba ta da zagayen wuri. Kowa yana miƙa takardunsa zuwa ƙarshen Nuwamba, don haka nemanta ba ya karo da wani alƙawari.

Cibiyar fasaha ta MIT tana bin tsarin da ba ya ɗaurewa, kuma ɗalibin injiniyanci yana iya ƙara fannin gudanarwa a makarantarta ta Sloan. Jami'ar Lehigh ma tana da shirin da ya haɗa fannonin biyu.

Batun kuɗi

Ga ɗalibi daga Najeriya, kuɗi ne ke yanke hukunci. MIT ba ta duba ƙarfin aljihun mai nema yayin tantancewa, ko da ɗan ƙasar waje ne, kuma tana cike giɓin da iyaye suka kasa biya. Pennsylvania tana ba baƙi tallafi, amma buƙatar tallafin tana shiga lissafin ɗaukarsu. Berkeley kuwa jami'ar jiha ce, tallafinta ga baƙi ƙalilan ne.

Wanda ya ɗaure kansa da alƙawari ya rasa damar kwatanta tallafin jami'o'i daban-daban. Ana iya sakin sa in tallafin bai isa ba, sai dai a lokacin 'yan makonni ne suka rage kafin rufe zagaye na biyu. Saboda haka alƙawarin ya dace ne da wanda ya tabbatar da zaɓinsa, iyalinsa kuma suka gama lissafin kuɗin.

Cibiyoyin EducationUSA da ke Abuja da Legas suna ba da shawara a kan waɗannan matakai, har da ƙa'idojin bizar ɗalibai, waɗanda ya kamata a bincika tun kafin a biya kuɗin neman gurbi.