Ƙaura a Bayan Zurmi: Tarihin Haruffa a Harshen Prolog

A shekarar 1972, a birnin Marseille na ƙasar Faransa, Alain Colmerauer da Philippe Roussel suka ƙago Prolog, watau harshen da ake yi wa kwamfuta magana da shi bisa tafarkin mantiƙi. Akan shimfiɗa mata hujjoji da ƙa'idoji, ita kuma ta yanke hukunci. To, amma hukunci ba ya inganta sai an daidaita a kan yadda na'ura za ta riƙe kalma.

Masanan Jami'ar Edinbara, waɗanda suka fitar da nasu Prolog a 1977, sun ɗauki rubutun da ke cikin alamar zance a matsayin jerin lambobi, bisa tsarin ASCII na Amurka mai gurbi 128. Ta haka "Zurmi" ya zama 90, 117, 114, 109, 105. Da aka kafa mizanin ISO a 1995, sai aka halatta fassara uku: jerin lambobi, ko jerin haruffa, ko suna guda dunƙulalle. Daga baya SWI-Prolog, a fitowarsa ta 7, ya ƙara ta huɗu. Saboda haka umarni ɗaya yana iya cewa "gaskiya ne" a wannan na'ura, ya ce "ƙarya ne" a waccan.

Ga Bahaushe lamarin ya fi tsanani, domin haruffa masu lanƙwasa, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, ba su da gurbi a ASCII. Sai a 1991 tsarin Unicode ya ba su lambobi, Ƙ ya sami 408. Idan aka jera Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi bisa lambobin nan, Ƙaura za ta faɗa ƙarshe, tun da S 83 ne, Z kuwa 90. Har ila yau, a tsarin UTF-8 harafin Ƙ yana cin ma'auni biyu na ajiya, don haka na'urar da ke ƙidaya ma'auni maimakon haruffa za ta ce haruffan "Ƙaura" shida ne.

Magatakardan da ya nemi "Kaura" a rajistar da aka rubuta "Ƙaura" zai sami amsar babu, alhali kuwa sunan yana nan. Mai fansho ko ɗalibin da sunan garinsa ya ɓace ta wannan hanya, shi zai ɗanɗana kuɗar kuskuren. Wajibi ne, ke nan, kowace ma'aikata ta tsai da ƙa'idar rubutu guda tun kafin ta danƙa wa na'ura rajistarta.