Hatsarin Fukushima: fargabar tururin nukiliya da abin da bincike ya gano

A ranar Juma'a 11 ga watan Maris na shekara ta 2011, da misalin ƙarfe uku saura kwata na rana agogon Japan, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta auku a ƙarƙashin teku, daura da gaɓar arewa maso gabashin ƙasar. Ita ce girgiza mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a Japan. Igiyar ruwa ta Tsunami da ta biyo baya ta shafe garuruwa da dama, kuma mutanen da suka mutu ko suka ɓace sun haura 18,000.

To sai dai cikin 'yan kwanaki hankalin duniya ya karkata zuwa ga tashar makamashin nukiliya ta Fukushima Daiichi, mai nisan kilomita sama da 200 daga Tokyo, inda aka shiga fargabar yaɗuwar tururin nukiliya mai guba.

Yadda hatsarin ya auku

Tashar dai mallakar kamfanin wutar lantarki na Tokyo ce, wato TEPCO, kuma tana da tukwanen nukiliya shida. Uku ne ke aiki a ranar, sauran ukun kuwa an tsayar da su domin gyara. Da girgizar ta auku, tukwanen uku sun tsaya da kansu kamar yadda aka tsara.

Amma tsayar da tukunyar nukiliya ba ya kawar da zafinta nan take. Sandunan yuraniyam da ke cikinta kan ci gaba da fitar da zafi, tamkar garwashi bayan harshen wuta ya mutu, don haka dole ne a ci gaba da zagaya su da ruwa. Girgizar ta katse layukan wutar da ke shiga tashar, sai manyan janareto suka karɓi aikin. Bayan kimanin minti 50 igiyar ruwa mai tsawon mita 14 zuwa 15 ta afka wa tashar, alhali kariyar da aka tanada ta igiyar da ba ta kai mita 6 ba ce. Ruwa ya mamaye janareton, kuma famfunan sanyaya tukwanen suka tsaya.

Daga nan sandunan tukwane na 1 da na 2 da na 3 suka narke. Iskar haidirojin da ta taru ta tarwatsa ginin tukunya ta 1 a ranar 12 ga Maris, da na ta 3 a ranar 14, da kuma na ta 4 a ranar 15. A ranar 12 ga Afrilu hukumomin Japan suka sanya hatsarin a mataki na 7, wanda shi ne ƙololuwa a ma'aunin haɗurran nukiliya na duniya. Hatsarin Chernobyl na 1986 a tsohuwar Tarayyar Sobiyet ne kaɗai ya taɓa kaiwa wannan mataki, ko da yake an ƙiyasta cewa gubar da ta fita zuwa sararin sama a Fukushima ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na ta Chernobyl ba.

Mene ne tururin nukiliya?

Abin da ake kira tururin nukiliya wani irin haske ne da ido ba ya gani, wanda wasu sinadarai ke fitarwa yayin da suke rikiɗa. Ba shi da wari kuma ba shi da ɗanɗano, amma yana iya ratsa jiki ya lalata ƙwayoyin halitta. Idan ya yi yawa ƙwarai cikin ɗan lokaci yakan kashe mutum a kwanaki ko makonni. Idan kuma bai kai haka ba, yana iya ƙara yiwuwar kamuwa da ciwon daji bayan shekaru.

Ana auna abin da jiki ya sha da ma'aunin milisibat. Kowane ɗan Adam na shan kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da abinci da sararin samaniya, ko da babu tashar nukiliya kusa da shi. Hoton ƙirji da ake ɗauka a asibiti bai wuce kimanin 0.1 ba. Daga milisibat 100 zuwa sama ne masana ke iya ganin ƙaruwar ciwon daji a fili cikin alƙaluma.

Sinadarai biyu ne suka fi tayar da hankali a Fukushima. Na farko shi ne aidin-131, wanda ke taruwa a tayirod, wato tsokar nan ta wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo. Yara ne ya fi yi wa illa, amma rabin ƙarfinsa kan gushe a duk kwana takwas. Na biyu shi ne siziyam-137, wanda ke manne wa ƙasa da itatuwa, kuma sai bayan shekara 30 rabin ƙarfinsa ke gushewa. Shi ne ya hana mutane komawa gidajensu shekara da shekaru.

Yadda tsoro ya bazu

Da daren 11 ga Maris gwamnatin Firayim Minista Naoto Kan ta umarci mazauna kilomita 3 daga tashar su tashi. Washegari aka faɗaɗa zuwa kilomita 10, sannan 20. Amurka kuwa ta shawarci 'yan ƙasarta su nisanci wurin da kilomita 80, kuma wannan bambanci ya sa Japanawa da yawa suka fara zargin cewa gwamnatinsu na ɓoye wani abu. Adadin waɗanda suka bar gidajensu a lardin Fukushima ya kai kimanin 160,000.

A ranar 23 ga Maris hukumomin Tokyo suka sanar da cewa an sami sinadarin aidin a ruwan famfo da ya ninka fiye da sau biyu adadin da aka amince a bai wa jarirai. Nan da nan ruwan roba ya ƙare a kantuna. Kafin hakan an riga an hana sayar da madara da alayyafo daga wasu lardunan da ke kusa da tashar.

Fargabar ta tsallaka teku. A ƙasar Sin jama'a sun yi tururuwar sayen gishiri, bisa jita-jitar cewa aidin ɗin da ke cikinsa na kare mutum daga tururin, abin da likitoci suka ce ba gaskiya ba ne. A Amurka ma an yi rububin ƙwayoyin aidin, duk da tazarar dubban kilomitoci.

Me ya sa jama'a suka daina yarda da hukumomi?

Hausawa kan ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Japan ce kaɗai ƙasar da aka taɓa jefa wa bam ɗin nukiliya, a Hiroshima da Nagasaki cikin 1945, kuma waɗanda suka tsira sun sha fama da cututtuka da tsangwama. Haka kuma a watan Yulin 2007 wata girgizar ƙasa ta haddasa gobara a tashar Kashiwazaki-Kariwa, ita ma ta TEPCO, inda ɗan gurɓataccen ruwa ya malala cikin teku.

Ban da tarihi, akwai kura-kuran da aka tafka a lokacin hatsarin. Gwamnati na da na'urar da ke hasashen inda iska za ta kai gubar, amma ba a bayyana sakamakonta ga jama'a da wuri ba. Wasu mazauna garin Namie sun gudu zuwa arewa maso yamma, wato daidai inda gubar ta fi sauka. Ƙauyen Iitate mai nisan kusan kilomita 40 ya gurɓata, amma sai a watan Afrilu aka ba da umarnin kwashe mutanensa. Kamfanin TEPCO kuma bai amsa cewa tukwanen uku sun narke ba sai a watan Mayu.

A watan Afrilun ne gwamnati ta amince a buɗe makarantu a wuraren da tururin bai wuce milisibat 20 a shekara ba. Iyaye sun yi zanga-zanga, kuma wani mai bai wa Firayim Minista shawara, Farfesa Toshiso Kosako, ya yi murabus domin nuna rashin amincewa.

A watan Yulin 2012 kwamitin bincike mai zaman kansa da majalisar dokokin Japan ta kafa, ƙarƙashin jagorancin Kiyoshi Kurokawa, ya yanke hukuncin cewa sakacin ɗan Adam ne ya jawo hatsarin, yana mai ɗora laifi a kan kamfanin da gwamnati da hukumomin sa ido. An kuma gano cewa tun a 2008 wani lissafi na cikin kamfanin ya nuna igiyar ruwa mai tsawon mita 15.7 na iya afka wa tashar, amma ba a ɗauki mataki ba. Tashar Onagawa, wadda ta fi kusa da cibiyar girgizar amma aka gina ta a kan tudu, ta tsira, har mutanen yankin suka fake a cikinta.

Abin da bincike ya gano game da lafiya

Babu wanda tururin ya kashe nan take a Fukushima, saɓanin Chernobyl inda ma'aikata da 'yan kwana-kwana 28 suka mutu cikin 'yan watanni saboda shi. Ma'aikata shida ne suka sha fiye da milisibat 250. A 2018 gwamnatin Japan ta amince ta biya diyya kan wani ma'aikaci da ciwon dajin huhu ya kashe, bisa cewa tururin na da hannu a ciwon.

A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce akwai ɗan ƙarin haɗarin wasu nau'o'in ciwon daji ga waɗanda suke jarirai a wuraren da suka fi gurɓata, amma ba ta hango ƙaruwar cutar a sauran sassan Japan ko ƙasashen waje ba. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan illar tururin nukiliya, UNSCEAR, ya ce a rahotonsa na 2021 ba a tabbatar da wata illa ga lafiyar mazauna Fukushima da za a danganta kai tsaye da tururin ba.

Batun da ake taƙaddama a kansa shi ne ciwon dajin tayirod. Lardin Fukushima ya shirya duba wuyan yara sama da 300,000, kuma an sami fiye da 300 da suka kamu ko ake zaton sun kamu. UNSCEAR ya ce yawan dubawa da na'urori masu ƙarfi ne ya tono ƙananan ƙulluttukan da da ba za a gano su ba. Wasu iyalai ba su gamsu ba, kuma a watan Janairun 2022 matasa shida masu wannan ciwo suka kai TEPCO kotu.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne ɓarnar da gudun hijirar ya yi. Sama da mutum 2,300 a lardin Fukushima, akasarinsu tsofaffi, hukumomi suka ce sun mutu saboda wahalar ƙaura, da katsewar magani, da damuwa, har da kashe kai. Wannan adadi ya zarce na waɗanda girgizar da igiyar ruwan suka kashe kai tsaye a lardin. An kuma sami rahotannin tsangwamar yaran Fukushima a makarantun garuruwan da suka koma, yayin da manoma da masunta suka rasa kasuwa ko da gwaji ya nuna kayansu ba su da guba.

Tasiri a duniya

Kafin hatsarin Japan na da tukwanen nukiliya 54 da ke samar da kusan kashi 30 cikin ɗari na wutar lantarkinta. An rufe su ɗaya bayan ɗaya, aka kafa sabuwar hukumar sa ido a 2012, kuma daga watan Satumbar 2013 zuwa Agustan 2015 babu ko ɗaya da ke aiki. A Jamus gwamnatin Angela Merkel ta rufe tukwane takwas a 2011, na ƙarshe uku kuma aka kashe su a watan Afrilun 2023. A Italiya masu ƙuri'ar raba-gardama sun yi watsi da shirin komawa ga nukiliya a watan Yunin 2011.

Lamarin ya shafi Jamhuriyar Nijar, ɗaya daga cikin manyan masu haƙar yuraniyam. Farashin ma'adinin ya faɗi daga kimanin dala 70 kowace laba kafin hatsarin zuwa ƙasa da dala 20 a ƙarshen 2016. A 2014 kamfanin Areva na Faransa ya dakatar da aikin mahaƙar Imouraren, yana mai kafa hujja da faɗuwar farashi.

Ruwan tashar da aikin da ya rage

Ruwan da ake sanyaya narkakkun sandunan da shi ya taru a tankuna sama da 1,000, har ya kai kimanin tan miliyan 1.3. Ana tace shi domin cire yawancin sinadaran, in ban da tiritiyam wanda ba ya rabuwa da ruwa. Bayan Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, ta ce shirin ya dace da ƙa'idojinta, Japan ta fara sakin ruwan cikin teku a ranar 24 ga Agustan 2023, bayan an sirka shi da ruwan teku mai yawa. Masuntan yankin sun nuna adawa, ƙasar Sin ta haramta shigar da kifin Japan a wancan lokaci, kuma an sake rububin gishiri a Sin da Koriya ta Kudu.

An kankare ƙasar sama a gonaki da filayen makarantu, kuma an buɗe yawancin garuruwan da aka rufe. Sai a watan Agustan 2022 aka amince mutane su koma wani ɓangare na garin Futaba, amma ƙalilan ne daga mazaunansa kimanin 7,000 suka koma.

A cikin tukwanen uku kuwa akwai kimanin tan 880 na narkakken makamashi. A watan Nuwamban 2024 ne aka yi nasarar ciro samfurin farko da wata na'ura mai sarrafa kanta, kuma nauyinsa bai kai giram ɗaya ba. Gwamnatin Japan da TEPCO sun sanya shekara ta 2051 a matsayin wa'adin kammala rushe tashar, wa'adin da masana da dama ke ganin zai yi wuya a cimma.